Wuƙar da Ka So Ka Ɗora a Inji

Sassauta zugar nan, zo ka zauna. Tun da tsohon nan ya bar mana wuƙarsa ta aljihu ya juya nake ganin bakinka yana motsi. Cewa ka yi, "Baba, wuƙar nan duk ta yi baƙi, ruwanta ya cinye, don me ka hana ni ɗora ta a inji ta yi fari? Ga sababbi can suna walƙiya a kasuwar Maigatari, kuɗinsu bai ma kai na gyaran ba." To, miƙo min ita.

Sa farcenka a wannan gurbin ka buɗe babban ruwan. Yanzu mayar da shi a hankali, ka sake shi. Ka ji yadda ta ce ƙas? Wannan ƙarar daga sifirin bayanta take fitowa. Ranar Alhamis in ka shiga Maigatari, ɗauki ɗaya daga cikin masu walƙiyar ka gwada. Wata tun a hannun mai talla ruwanta yake rawa kamar haƙorin tsohuwa. Wannan kuwa girgiza ta ka gani, ko motsi.

Duba gindin ruwan, inda ya shiga ƙota. Tofa ɗan yawu ka goge da yatsa. Kai da ka yi firamare, karanta min. Schrade, ƙasansa kuma haruffa uku na Amurka, USA. Wanda ke jikin ƙotar Old Timer ne, wato ɗan tsohon zamani. Karon farko da irinta ta zo hannuna, yaron wajena da ke karatu a Dutse na sa ya bincika min a waya. Kamfanin ya fara aiki a 1904, ya rufe masana'antarsa ta garin Ellenville a jihar Nuyok a 2004, shekara ɗari cif. Wasu suka sayi sunan suka ci gaba da buga shi a kan wuƙaƙen da ake yi a Caina. Shi ya sa in an kawo maka mai wannan suna, gindin ruwa za ka fara dubawa. Ta hannunka ko ba komai ta haura shekara ashirin, kuma wutar da ta ƙera ta ta mutu.

Tsohon ya ce a dilar gwanjo ya tsince ta, cikin aljihun wata kwat, lokacin yana saro kaya a Ƙofar Wambai. Tun daga nan take aljihunsa.

Baƙin da ya dame ka ba tsatsa ba ne. Ƙarfen nan ɗan'uwan sifirin motar da muke ƙera wuƙar mahauta da shi ne, 1095 suke kiransa, ba irin farin ƙarfen cokali ba. Duk abin da ya yanka sai ya bar masa launi: goro, mangwaro, albasa, naman layya. A hankali launin ya zauna ya zama masa riga, kuma rigar tana rage masa kamun jar tsatsa, wadda ita ce mai cin ƙarfe ta bar rami. Ka kankare baƙin yau, damina ɗaya a aljihu mai gumi ta ishe ka ganin ja. Farin ƙarfe ba ya wannan rigima, gaskiya ne, amma na arha da ake kawo mana in ka wasa shi da safe, kafin azahar ya dakushe.

Zancen inji kuma, ni na san abin da ya yi min. Ina kamarka, maigidana ya tafi jana'iza ya bar ni da wuƙar wani baduku. Na ce bari in burge. Na danna ta a dutsen inji, tartsatsi na tashi ina jin daɗi, sai na ga bakin ya koma shuɗi. Shi ke nan, zafi ya kashe taurin. Aka wasa, aka sake wasawa, ko fatar akuya ta ƙi yanka. Maigida bai dake ni ba. Sa ni ya yi na kai wa mutumin da hannuna, na faɗa masa abin da na yi. Da dukan ya yi min da ya fi sauƙi.

Lauje in ka ɓata, ka mayar wuta ka sake bugawa. Ruwan nan siriri ne kamar ganyen dawa, an ɗaure shi da ƙusa tsakanin tagulla da roba. Ina za ka kai shi wuta? Abin da inji ya ci ya tafi ke nan, babu inda za a aika a kawo wani.

Kalli cikin ruwan, yadda ya ɗan lotsa a tsakiya. Wurin da mai ita yake yawan gogawa a dutse ke nan. Juya ƙotar. Da tana da zane-zane kamar sawun zarto, ga ragowarsa nan a gefe, amma nan inda babban yatsa yake zama ya yi sumul. Ka lura a wane ɓangare ne? Bahago ne tsohon. Ban tambaye shi ba, sai da ya zo karɓar goro na ga hannun da ya fara miƙowa kafin ya sauya. Ƙaramin ruwan kuma kusan sabo ne, da alama don yankan farce kawai yake buɗe shi.

Ba kowace tsohuwa ce abin riƙewa ba fa. In sifirin ya karye, ko ruwan ya tsage daga gindi, faɗa wa mai ita gaskiya, kada ka ci kuɗinsa.

Abin da ya kawo shi ma ba fari ya nema ba. Cewa ya yi tana huda masa aljihu. Rufe ta ka shafa da yatsa. Ka ji tsinin ya leƙo waje? Washi ne ya cinye ruwan har bakin ya daina nutsewa cikin ƙota. Maganin yana wannan ɗan tudun na gindin ruwa, wanda yake sauka a kan sifiri in an rufe. Ɗauko ƙaramin magagari. Ja biyu, ka rufe ka duba. In ka zarce, gurbin farcen zai nutse, tsoho ya rasa ta inda zai buɗe wuƙarsa.

In tsinin ya ɓuya, sai ka sa tsinke ka fitar da dattin cikin, ka ɗiga man keken ɗinki a mahaɗar, ɗigo ɗaya. Washi a dutsen ruwa, da hannu, ka kwantar da ruwan sosai. Ya ce bayan la'asar zai biyo in ya taso daga gona, ka ga rana ta fara karkata.