Yaran nan masu farar riga da laktaye da ka gani a shagona

Yaya Malam barka da war haka, ya iyali, ya Zariya, ya jikin Inna? Allah ya kara sauki. Na saurari sakonka akan hoton nan, kace su waye yara biyun masu farar riga da laktaye da suke cin wake da shinkafa a bencin shagona, kuma ya akayi mu mutanen Zango a nan Akara, babban birnin Gana, muke sakin jiki da masu yada wani addini har haka. Wallahi tambayar bata bata min rai ba, da a Zariya aka haifeni kila nima ita zan yi, amma amsar tana da dan tsawo sai kayi hakuri dani.

Mutane na ce musu 'yan Mormon, su kuma yanzu basa son sunan, tun 2018 shugabansu na lokacin Russell Nelson yace a rika kiran cocin da cikakken sunanta, wato Cocin Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Karshe. Wani Ba'amurke Joseph Smith ne ya kafa ta a 1830, hedkwatarsu na Salt Lake City a jihar Yuta. Su suna cewa Kiristoci ne su, amma Katolika da coci-coci da yawa basu yarda da hakan ba saboda suna da wani littafi bayan Baibul, kuma sun ce shugabansu annabi ne mai rai. Kaga nan mu Musulmi babu ma inda za mu hadu, annabci ya kare akan Manzon Allah SAW, kuma na fada musu haka baki da baki a shagon nan ba sau daya ba, basu ji haushi ba nima ban daga murya ba.

Nan Akara suna da karfi sosai. Babban dakin ibadarsu mai gunki mai ruwan zinariya a saman hasumiya yana kan titin Independence, tun 2004 aka bude shi, daga unguwar Nima ta mutanen Zango ba wani nisa. A gefensa akwai makarantar da suke horar da sababbin masu wa'azi, da a Tema take sai a 2017 suka dawo da ita nan. To daga can ake rarraba yaran, shi yasa kusan kullum sai ka gansu bibbiyu a hanya da jaka a kafada da dan bakin allo a aljihun riga mai dauke da suna.

Abinda nake so ka fara ganewa Yaya shine yara ne. Namiji daga shekara 18 yake fitowa yayi shekara 2 cur, mace kuma wata 18. Ba shi yake zaben kasar da zai je ba, takarda ce kawai zata zo masa daga hedkwata ace an tura ka Gana, shikenan, wani ma sai ya duba taswira kafin yasan inda take. Ba albashi ake basu ba, wadanda suka fito daga gidan masu hali su da iyayensu ne ma suke tara kudin zaman. Kuma ba duka ne Turawa ba kamar yadda hoton zai sa ka zata, da yawansu yanzu 'yan Afirka ne, daga Najeriya, Kongo, Kwaddibuwa, Laberiya, Saliyo, ga kuma manya-manyan samarin nan na tsibiran Tonga da Samowa. In wanda zai yi aiki da Turanci ne sati uku kacal yake yi a makarantar sai a mika shi hannun wani da ya riga shi zuwa, shi zai koya masa komai na kusan wata uku, su a tsakaninsu har uba da da suke kiran juna.

Ni ta hanyar dinki na sansu. Suna kawo wando a rage ko a dinke inda ya yage, wasu kuma su sayo kyallen kente ace in yi musu laktaye su aika gida tsaraba. Kuma a wajen wandon nan nake gane sabon zuwa ba sai an fada min ba. Akwai wani yaro dogo daga wani kauye a Amurka, farkon zuwansa fuskarsa ja wur saboda rana, wuyan rigarsa ya jike sharkaf, kuraje sun feso masa a hannu don zafi. Ya kawo wando biyu yace in rage kugu, na sa tef na auna naga ya zube sosai daga yadda aka dinka wandon, bel dinsa har sabon rami ya huda da kusa. Nace masa baka cin abinci ne? Sai abokin tafiyarsa dan Kongo yace ai fufu baya wuce masa, tauna shi yake maimakon ya hadiye, shito kuma, miyar barkonon nan ta Gana, yaji ya masa yawa, cikinsa sai gudu yake. Shi yaron shiru yayi yana kallon keken dinki, can sai yace kafar keken irin ta kakarsa ce, sai kawai naga idonsa ya ciko da kwalla ya juya baya yana gyara jaka. Wallahi Yaya a lokacin ba mai wa'azi na gani ba, Abdul dina na gani, don kusan sa'arsa ne. Na aiki yaron shago ya karbo koko da kosai wajen Hajiya, nace ya fara da wannan cikinsa zai kwanta, kuma alhamdulillahi ya zauna masa. Daga nan aka koya masa tuwo da miyar ayoyo, kafin a dauke shi daga nan da hannu yake ci yana sude yatsu.

Wahalar tasu ba abinci kadai bane. Yaron da a gidansu inji ke wanki yanzu ranar Litinin, ranar hutunsu kenan, zai zauna gaban bokiti yana cuda farar riga har bayan yatsunsa su sale. Wuta ta dauke da dare fanka ta tsaya, ga gidan sauro dole ya shiga, ga kwayar maganin zazzabi da ake basu su rika sha kullum. Shiga trotro ma, wato motar haya, sai an koya masa, yadda zai yi wa kwandasta magana da inda zai sauka. Yara na binsa a lungu suna obroni obroni, namu na Zango suna bature bature. Hannun hagu kuwa sai an yi ta nanata musu, don a nan ko Bakirista ka mika wa kudi da hagu ka zage shi, ni da kaina nake rike hannun in ce a'a, da dama. Haka gaisuwa, sabon zuwa zai fado maka shago kai tsaye da maganar da ta kawo shi, sai mun nuna masa a nan sai ka tambayi kwana da gajiya da iyali tukuna.

Sannan ga dokokinsu masu tsauri. Shida da rabi na safe sun tashi, motsa jiki, karatu, sannan yawo a kafa cikin rana har dare. Babu budurwa, babu talabijin, babu zuwa iyo duk da ga teku nan a gabansu. Giya da taba haramun ne a wajensu, har shayi da kofi, in muka dafa ataya da yamma hakuri suke bamu, sai dai Milo. Lahadin farko na kowane wata azumi suke, su ba mabukata kudin abincin da basu ci ba. Kiran gida kuwa da can sau biyu ne kawai a shekara, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata, sai a 2019 aka sassauta suke kira duk sati. Ka duba fa, yaro dan shekara 18 ko 19 a da sai yayi wata shida bai ji muryar uwarsa ba. Amma a ganina mafi nauyi shine abokin tafiya. Ba kai ka zabe shi ba, kuma doka ce kar ku rabu, inda kake nan yake dare da rana, daki daya, in banda bandaki. Sai a hada yaron Amurka da bai taba rasa komai ba da yaron Saliyo da ya girma cikin wahala, wannan na ganin wancan shagwababbe ne, wancan na ganin wannan ya cika fada. Na sha ganin biyu sun shigo shago kowa fuska a daure ba mai yi wa wani magana, amma dole tare zasu fita. Kuma duk sati shida ana iya sauya musu wuri, yaro ya fara sabawa da unguwa kenan ya san mai kosai ya san tela, sai a buga waya ace hada kayanka ka tafi wani gari.

Yanzu maganar mu, dalilin da yasa muke musu haka. Yaya ku a can kune 'yan gari, bako ne yake zuwa ya same ku. Mu kuwa Zango gaba dayanta baki ne suka kafa ta. Kakanninmu fataken goro ne da suka bi hanyar Salaga, duk inda suka sauka akwai maigida da zai basu masauki da abinci ya tsaya musu a ciniki tun kafin ya san halinsu, haka Kumasi haka Akara. Har gobe gidan haya daya a Nima zaka samu Bahaushe, Dagomba, Zabarma, Kotokoli, ga Frafra ko Ewe Kirista a dakin karshe, famfo daya tsakar gida daya. Da layya mu kai musu nama, da Kirsimeti su kawo mana shinkafa da kazar da suka ba Musulmi ya yanka don mu iya ci. Musulmi a Gana kusan kashi 20 cikin dari ne, in muka ce sai wanda ya yi sallah zamu gaisa dashi ai ko kasuwa ba zamu ci ba. Babban limamin kasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu da kansa ya shiga cocin Katolika ta Christ the King a 2019 lokacin da ya cika shekara 100, wasu sun yi surutu amma mafi yawanmu mun gane abinda yake nufi.

Kuma mun san dacin ace maka kai bako ne. A 1969 gwamnatin Busia ta ba duk wanda bashi da takarda sati biyu ya bar kasar, Baba Allah ya jikansa har ya rasu in ya tuna sai muryarsa ta canza, makwabta sun sayar da gida da kaya a wulakance sun hau manyan motoci, wasu ma anan aka haife su basu san kowa a Najeriya ba, ai ta haka wasu danginmu suka dawo wajenku. Su ma cocin nan sun dandana nasu, a watan Yunin 1989 gwamnatin Rawlings ta dakatar dasu tare da Shaidun Jehobah, aka kori masu wa'azinsu na waje aka rufe dakunan ibadarsu har wajen karshen 1990. Lokacin ina yaron shago ina koyon dinki, na tuna yadda ake ta maganar a rediyo.

Amma kar ka dauka babu iyaka, akwai, kuma kowa ya santa. Ruwa da abinci da inuwa da nuna hanya, wannan hakkin bako ne. Littafi kuwa in suka miko sai ince na gode ina da nawa, su mayar jaka. Ba'a zama da yaranmu a karantar dasu, ba'a shiga cikin gida wajen mata, kuma in an kira sallah na tashi su jira ko su tafi. Gaskiya ban taba ganin sun keta wannan ba a layinmu, daya daga cikinsu ma yace min manyansu na ja musu kunne akan karantar da Musulmi sai da izini, yawanci Kiristocin da ke zaune cikinmu suke zuwa nema. Yaranmu da asuba suna makarantar allo, da yamma Islamiyya, abinda ke tsare imanin yaro kenan, ba hana bako zama a benci ba.

Akwai abu daya da na taba tambayar dan Kongon nan don ya dade yana ci min rai. Har zuwa 1978 cocinsu bata ba bakar fata mukamin limanci, duk da akwai mutane irin su Billy Johnson a garin Kef Kos nan Gana da Anthony Obinna a kasar Ibo da suka shafe shekaru suna tara jama'a suna rubuta wasiku a zo a yi musu baftisma. Nace masa kai baka jin komai akan wannan? Ya dade bai amsa ba, sannan yace yana ji, kuma shi ma ya tambaya kafin ya fito. Ban matsa masa ba, na ga abin yana masa nauyi, kuma naji dadi da bai yi min karya ba.

Ba kowa a Zango ne yake da ra'ayina ba fa. Malamin da ke kusa da shagona baya yarda su zauna a kofarsa, zai amsa gaisuwa ya basu ruwa in sun nema amma iyakarta kenan, yace fitina daga sabo take farawa. Samarinmu masu wa'azin titi da Baibul da Kur'ani a hannu kuma wani lokacin su tare su da muhawara, ni wannan ne bana so, don yaron da ko sunan unguwar bai gama iyawa ba kuma kewar gida ta cika masa ciki, kayar dashi a gaban jama'a ba wani abin alfahari bane. Na fada wa samarin haka, wasu sun ji wasu basu ji ba.

Ka gaida Inna da kyau kace mata jikokinta na nan lafiya, Abdul ya kusa sauka, in Allah ya kaimu za mu sanar daku ranar walima da wuri don ku samu shirya tafiya.