Na samu Speed Editor, na kalli bidiyon koyarwa, amma hannuna ya ƙi sabawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin tace bidiyon biki da suna a Kano, shekara huɗu ke nan da manhajar Premiere Pro nake aiki. Kwanaki wani ɗan'uwana ya kawo mini Speed Editor, wato ƙaramin allon maɓallan tace bidiyo da ake jonawa da kwamfuta, daga Dubai. Na kalli bidiyon koyarwa a YouTube sun fi ashirin, idan ina kallo sai in ga kamar na iya, da na zauna gaban na'urar sai kaina ya ɗaure. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu zo kan kallon bidiyo, akwai abin da nake zargin shi ne ya fara ɗaure maka kai. Kamfanin Blackmagic Design na ƙasar Ostireliya ne ya fito da wannan na'ura a ƙarshen 2020, kuma don manhajarsu ta DaVinci Resolve suka ƙera ta. Ba a yi ta don Premiere ba. In har kana jona ta kana buɗe Premiere, ba laifin hannunka ba ne. Sauke Resolve, ko na kyautar ma tana aiki da shi, daga siga ta 17 zuwa sama. A cikin Resolve ɗin ma, gidanta shi ne shafin da ake kira Cut. Tana taɓa aiki a shafin Edit, amma wasu maɓallan a can ko ka danna shiru za ka ji.

To, sai maganar kallo. Bidiyo ashirin sun yi yawa. Mai koyarwa ya yi wata da watanni yana murza abin nan, yatsunsa sun haddace, shi ya sa kake ganin abin kamar shan ruwa. Kai kuwa idonka ne ya koya, yatsu ba su san an yi ba. Wanda ya koyi ɗinki ya san bambancin tsayawa bayan maigida da hawa keken da kansa.

Ga yadda nake sa yaran shagona su yi. Ka zaɓi bidiyo ɗaya tak, ka sauke shi a waya lokacin da data ke da sauƙi, ka jingine wayar kusa da kwamfuta. Kada ka yi gwaji da hotunan mai koyarwar, ɗauko wani tsohon aikin biki da ka riga ka miƙa wa masu shi. Da ya nuna abu ɗaya, tsayar da bidiyon, ka maimaita sau goma kafin ka ci gaba.

A makon farko maɓalli huɗu sun ishe ka, da faifan nan da ake murzawa a hannun dama. Danna SOURCE, duk hotunan da ke cikin jakar aikinka za su jeru a jere kamar kaset ɗaya. Murza faifan ka bi ta kansu. Ka iso inda amarya ta fito daga mota, danna IN. Ta shiga zaure, danna OUT. Sai APPND, yankin ya faɗa ƙarshen aikinka. Haka za ka yi ta yi har ka tsinke bikin gaba ɗaya ba ka taɓa linzamin kwamfuta ba. Ranar farko za ka fi jinkiri a kan yadda ka saba, har ka ji kamar ka mayar da ita kwali. Daure.

Faifan yana da hali uku, kowanne da maɓallinsa a sama: SCRL don gudu cikin dogon hoto, JOG don bin hoto a hankali har ka tsaya daidai inda kake so, SHTL kuma iya yadda ka juya shi iya saurin da hoton zai yi. Ni dai SHTL ba ya cikin abokaina, da wuya in taɓa shi.

Abu ɗaya da masu koyarwa ke wucewa da sauri: rubutun da ke gefen gaban wasu maɓallan aiki ne na biyu. Wani sai ka danna sau biyu, wani sai ka riƙe shi kana murza faifan. TRIM IN da TRIM OUT, masu rage ko ƙara farko da ƙarshen yanki, riƙewa ake yi. A bidiyo ba ka ganin wannan sosai, don haka nemi wanda ya ɗora kyamara a kan hannunsa, ka rage saurin bidiyon zuwa rabi. Duba kuma shekarar da aka ɗora shi, domin fuskar manhajar tana canzawa daga siga zuwa siga. Shi kansa Blackmagic yana da darussa kyauta a shafinsa, har da littattafai da hotunan gwaji.

Maɓallan CAM 1 zuwa 9 kuwa, bar su sai ka yi wata guda. Su ne za su yi maka rana a bikin da aka ɗauka da kyamara biyu ko uku, amma sai an daidaita hotunan tukuna. Tun yanzu ka gaya wa masu ɗaukar maka hoto su riƙa barin sauti a kunne a kowace kyamara, su tafa hannu sau ɗaya kafin a fara. Da wannan sautin Resolve zai haɗa maka su.