Shin yawan tallan guraben aiki a intanet na nufin an koma ɗaukar ma'aikata?

Tambaya: Ina bibiyar shafukan neman aiki, kuma na lura wani watan tallace-tallacen guraben aiki sukan yi yawa, wani watan su ja baya. A lokacin matsin tattalin arziki, idan suka ƙaru, alama ce ta cewa kamfanoni sun koma ɗaukar ma'aikata?

Amsa: Malam, alama ce, amma ba ta isa hujja ita kaɗai ba. Zan kafa maka misali da Amurka, domin can ne Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago take fitar da adadin guraben da ke buɗe da kuma na waɗanda aka ɗauka aiki, kowane wata, kowanne daban.

Karayar tattalin arzikin da ta fara a Disamban 2007 ta ƙazanta bayan rushewar bankin Lehman Brothers a Satumban 2008, har ta kai a watannin farko na 2009 ana asarar ayyuka wajen 700,000 zuwa 800,000 duk wata. Guraben da ke buɗe, waɗanda suka haura miliyan 4 a 2007, suka zube zuwa kusan miliyan 2.2 a Yulin 2009, lokacin da marasa aiki fiye da shida suke kokawar gurbi guda. Daga nan guraben suka fara farfaɗowa, sai dai rashin aikin yi ya ci gaba da hawa har ya kai kashi 10 cikin ɗari a Oktoban shekarar, kuma bai sauka ƙasa da kashi 9 ya zauna ba sai wajen ƙarshen 2011.

Dalilin wannan tazara shi ne abin da nake so ka riƙe. Sanya talla a intanet ba ya cin kuɗi sosai, alhali ɗaukar ma'aikaci alƙawarin albashi ne na wata da watanni. Saboda haka kamfanin da bai natsu da kasuwa ba yakan buga tallan, ya tara takardun masu nema, ya kira wasu ganawa, sannan ya yi shiru. Idan ka ga talla ɗaya ya daɗe a shafi ana ta sabunta kwanan watansa, sau da yawa abin da ke faruwa ke nan. Haka kuma da masu nema suka yi yawa, kamfanoni suka tsaurara sharuɗɗa, aikin da a da ake ba mai shaidar sakandare aka koma neman masa digiri da shekarun ƙwarewa. A ganina wannan ne ya fi cutar da matasan da suka kammala karatu a irin wannan lokaci.

Sai batun yanayin shekara. A Amurka shaguna sukan ɗebi ma'aikatan wucin gadi a Oktoba da Nuwamba saboda cinikin Kirsimeti, tallace-tallace su lafa a ƙarshen Disamba, su sake tashi a Janairu da sabon kasafin kamfanoni. Don haka ka kwatanta Janairun bana da Janairun bara, kada ka auna shi da Disambar da ta gabace shi. Ka kuma duba fanni, domin a 2008 da 2009 gine-gine da masana'antu sun durƙushe, amma ɓangaren kiwon lafiya bai daina ƙara ma'aikata ba.

Idan shafukan Najeriya kake dubawa, taka-tsantsan ya ƙaru, domin alkaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki suna sana'o'in da ba na ofis ko kamfani mai rajista ba, inda ake samun aiki ta hannun maigida ko ɗan'uwa. Abin da shafin yake nuna maka yanki ne ƙarami na kasuwar, galibi bankuna, kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji. Ka jira ka ga ƙaruwar ta ɗore watanni a jere a fanninka, kuma tsofaffin tallace-tallace suna sauka saboda an cike guraben, kafin ka ce an koma ɗauka.