Shin ɗan wasan ƙananan rukunonin Italiya zai iya yin suna?

Ka yi tambaya ko ɗan ƙwallon da ya shafe ƙuruciyarsa a Serie C, ƙaramin rukunin gasar ƙwallon Italiya, yana da sauran damar kaiwa babban rukuni, wato Serie A, ko kuwa shekaru sun riga sun rufe masa ƙofa. Amsar da na fi gamsuwa da ita tana cikin tarihin Dario Hübner, wanda aka haifa a garin Muggia kusa da Trieste a shekarar 1967.

Ya yi wasa a ƙananan ƙungiyoyi irin su Pievigina da Pergocrema kafin ya koma Fano, inda ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a rukuninsu na Serie C1 a kakar 1991/92. Daga nan Cesena ta ɗauke shi, ya sake yin wannan bajinta a Serie B da ƙwallaye 22 a kakar 1995/96. Bai taka leda a Serie A ba sai a 1997 tare da Brescia, yana da shekara 30, kuma a wasansa na farko ya jefa wa Inter ƙwallo a filin San Siro.

Abin da ya fi burge ni shi ne kakar 2001/02, lokacin da ya ci ƙwallaye 24 wa Piacenza, ƙungiyar da ke fafutukar kauce wa faɗawa ƙasa, ya yi kunnen doki da David Trezeguet na Juventus a matsayin waɗanda suka fi kowa zura ƙwallo a Serie A, a lokacin Hübner yana ɗan shekara 35. Duk da haka ba a taɓa gayyatarsa tawagar ƙasar Italiya ba, wanda a ganina rashin adalci ne. Daga baya ya koma wasa a ƙungiyoyin 'yan sha'awa har ya haura shekara 40.