Janaretan Alhaji da filina na Rigasa

Jiya da daddare ka turo mini saƙo, wai: "Oga, tunda masu taron ranar Asabar sun ce akwai babban janareta a Dandalin Murtala, dole ne sai mun kwashi inbata da batira? Nauyi gare su, kuma mai Keke ya ce sai an ƙara masa kuɗi." Ban ba ka amsa a daren ba, don na san in na buɗe baki a lokacin sai ka yi kwana uku ba ka leƙo shago ba. Na bari sai da na yi asuba, na sha shayi, zuciya ta ɗan sauka.

Kai yanzu yaro, shekara biyu kana bina, har yau nauyin batir ne damuwarka? Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a gidan talabijin na Kaduna tun yana hannun BCNN, kamfanin yaɗa labarai na Arewa, gidan da aka buɗe a 1962, kafin a haɗe tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977. A zamaninsu kyamara daban, rakoda daban. Wannan ya saɓa kyamara, wancan ya rataya U-matic a kafaɗa yana binsa da waya kamar akuya da igiya, ga ɗamarar batira a ƙugu. Ni da na zo kyamarar M9000 na tarar, wadda ake cusa wa kaset ɗin VHS sukutum. In ka yini da ita a gidan biki, kafaɗarka ta dama ba ta komawa daidai sai jibi. Ku kuwa kyamararku ba ta kai nauyin kwanon tuwo ba, amma kullum kuna cikin gajiya.

Abin da ya ɓata mini rai dai ba lalacin ba ne. Kalmar "nauyi" ce, don da bakina na taɓa faɗinta.

A Disamban 2017 aka ƙaddamar da talabijin na dijital a Kaduna, bayan Jos da Abuja sun riga mu a 2016. Gari ya ɗauka, ko'ina zancen akwatin FreeTV, ana cewa tashoshi za su yi yawa, kowace za ta nemi abin haskawa. Na zauna na yi lissafi na ce mai kayan HD ne zai ci wannan kasuwa. Ina da fili a Rigasa wanda na saya tun wurin yana jeji, kafin jirgin ƙasan Abuja ya fara aiki a 2016 ya ɗaga darajar unguwar. Uwargida ta ce kada na sayar. Yayana ya ce kada na sayar. Na sayar. Na hau mota sai Legas, na shiga Alaba na haɗo mikisar bidiyo mai ɗaukar kyamara huɗu, monita biyu, rakoda, da kwamfutar da za ta tura hoto kai tsaye. Da na dawo har 'yan sana'a ke zuwa shago kallo. Ledar da ke fuskar monitocin ma ban ɓare ba.

Aiki na uku da kayan, wani Alhaji ne ya aiko a kira ni. Ba zan faɗi sunansa ba, Allah ya san shi. Zai aurar da ɗansa, kuma yana son a yi kilisa da wasan dawaki a gonarsa, can bayan Maraban Jos ta hanyar Kangimi. Yana son 'yan uwansa na Saudiyya da Ingila su kalla kai tsaye a Facebook, a kuma kafa manyan allo biyu a rumfar mata. Ya ba ni kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, zancen wuta kada ka wahalar da kanka, injin da na yi haya zai ɗauki unguwa guda." Ina da inbata a shago, ina da batira. Da safe muna loda mota, yarona na lokacin ya tambaye ni ko a sa su. Na dubi but ɗin na ce bar su, nauyi gare su, ai akwai inji.

Inji kam akwai shi, ƙato, a kan tirela. Wanda aka ba wayarin ɗin ne abin kallo. Wani saurayi ne da testa a maƙale a bayan kunne, yana fere waya da haƙori, ya murɗa biyu wuri guda, ya yago baƙar leda ya naɗe. Da idona na gani. Na ce masa, ka auna layin da ka ba ni? Ya zaro testa ya dangwala, ta kawo ja, ya ce, "Akwai wuta, oga." Testa kuwa iyakarta ta ce maka akwai wuta, ba ta san ko nawa ba ce, ba ta kuma san ko haɗin zai kai yamma ba. Mitata tana cikin mota, motar kuma an sa mun ajiye ta can bakin ƙofa saboda dawaki. Tafiyar minti biyar ce. Ban je ba.

Ka buɗe kunne a nan. Babban inji layi uku yake fitarwa da nitiral ɗaya, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Tsakanin kowane layi da nitiral, bolt 230 ne ko kusa da haka, shi ne abincin kayanmu. Tsakanin layi da layi kuwa wajen 400 ne. Nitiral ɗin nan shi ke riƙe kowa a matsayinsa. Ranar da ya kwance, wutar sai ta rabu yadda ta ga dama: layin da aka tara wa kaya masu nauyi ya faɗi ƙasa, layin da ke ɗauke da ƙananan kaya ya haura sama ya nufi 400. Ka juya kowace caja a shagon nan ka karanta bayanta, 100 zuwa 240 aka rubuta. A irin wannan taro, mu ne masu ƙananan kaya.

Tun hantsi komai lafiya. Bayan la'asar aka jera dawaki, masu algaita suka ɗauka, ango ya fito cikin alkyabba, ƙura ta tashi, rana ta karkata ta bayan mahaya. Wallahi hoton da ke kan monita a lokacin, ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Masu abinci sun jona firizoji, mai kiɗa ya ƙure ampilifaya. Sai wani doki ya yi turjiya ya fita daga layi, ƙafarsa ta ja wayar da aka shimfiɗa a ƙasa ba tare da an binne ta ba. Ƙwayayen rumfarmu suka yi wani fari kamar walda. Na ji tas, na sake jin tas. Monita biyu suka ɗauke tare. Hayaƙi siriri, kamar na turaren tsinke, ya fara fitowa ta gefen mikisa inda fanka take. Na fizge soket, amma bakin alƙalami ya bushe. Warin nan na ƙonanniyar roba har yau in mai gyaran rediyo ya kunna ƙarfen dalma kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Mikisa ta tafi, rakoda ta tafi, monitoci, cajar kwamfuta da kwamfutar kanta, da kyamara ɗaya da yaron ya jona a wuta don yana tsoron batir ya ƙare. Ukun da ke kan batir ko gezau. Abu ɗaya da na yi daidai ranar, kowace kyamara tana naɗa a katinta, saboda haka bikin bai salwanta ba. Muka ci gaba da ɗauka har magariba, ina ba da umarni da hannu, hawaye na taruwa ina cewa ƙura ce.

Mako biyu na yi ina tace aikin a kwamfutar aro. Na kai wa Alhaji har gida. Ya kalla, ya yi ta murmushi, ya kira iyali suka kalla. Sannan ya ce na bar filashin, na dawo Juma'a na karɓi ciko, har da abin da zai taimaka mini na asarar kaya. Na bari. Juma'a ya tafi Abuja. Ta gaba yana barci. Ta gaba maigadi ya ce an ce kada a buɗe. Da na tare shi a bakin masallaci, a gaban mutane ya ce ai ni ne ban cika alkawari ba, ya biya don a gani kai tsaye, ga shi 'yan Ingila ba su ga fitowar ango ba, kamata ya yi ma na mayar masa da kafin alƙalaminsa. Wutar da ta ƙona kayan fa tasa ce, yaron wayarin nasa ne, dokin ma nasa ne. Amma ina takarda? Babu. Da baki muka yi, irin na mutunci. Na kai ƙara wajen manya, aka ce na yi haƙuri, babban mutum ne.

Bayan wata biyu ina zaune a gida sai ga aikina a wata tasha, an sayi fili an sa shi. Dawakina, ƙurata, ranar nan da ta karkata. An yanke sunana a ƙarshe an liƙa na wani. Mai gyara kuma da ya buɗe mikisar sai ya miƙo mini allon cikinta ya ce na ajiye tarihi. Shi ne wanda ke rataye a bayan teburina, da kake tambaya ko na mene ne. Filin Rigasa kuwa, wanda ya saya ya ɗora bene. In hanya ta bi da ni ta wajen tasha, ɗaya gefen nake kallo.

To ga amsarka. Yadda ake naɗe waya da daidaita farin kyamara ba zan ɓata yawuna a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da katin waya. Batiranmu biyu ne, kowane amfiya 200 a bolt 12. In ka haɗa, wat 4,800 ke nan na awa guda a takarda, amma irin wannan batir ba a shanye shi ƙasa da rabi in ana son ya yi rai, saboda haka ka lissafa 2,400. Mikisarmu ATEM Mini, laftof, monita biyu da Starlink, duka ba su wuce wat 350 ba. Ko ka cire abin da inbata ke ci, muna da awa biyar da ɗoriya. Taron awa huɗu ne. Me zai kai ni jona wutar wani?

Kada kuma ka ce mini a sa sitabilaiza ko ƙaramin UPS na ofis, akwatin nan mai riƙe wuta in an ɗauke. Sitabilaiza kafin ta yi ƙaras-ƙaras ɗinta ta canza mataki, aikin gama ya gama. Ƙaramin UPS kuwa, muddin akwai wuta miƙo maka ita yake yi yadda ta zo, sai ta ɗauke ko ta kauce sosai yake farkawa. In dole ta sa za a taɓa inji, ka auna da mita, layi da nitiral, ka ga 220 zuwa 240, ka ga wutar na bugawa sau 50 a daƙiƙa. Ka sake aunawa bayan mai kiɗa da masu firiza sun jona nasu, don inji in ya ji kaya gudunsa sauka yake yi, in aka sauke masa kaya farat ɗaya kuma sai ya zabura. Ka bi wayar da ƙafarka har gindin injin, ka ga yadda aka ɗaure nitiral. In ka ga leda, ka juyo.

Duk abin da waya ta haɗa shi da mikisa, daga wuri ɗaya zai sha wuta. Kyamara a wutar inji, mikisa a inbata, wayar hoto ta HDMI a tsakani, haka ake ƙona ramin da ake jona ta a jikin kyamara. Sautin da za ka karɓa daga mai lasifika ma kada ya shigo tsirara, ka bi da shi ta ɗan baƙin akwatin nan mai raba wayar ƙasa ta wutarsu da tamu, in ba haka ba gurnanin wuta zai bi mu har Facebook.

Sannan wa ya mayar mini da kyamara ta biyu firam 30, wato hoto 30 a daƙiƙa? Na san kai ne, kuma na san a YouTube ka gani. Mutanen Amurka ne, wutarsu sau 60 take bugawa a daƙiƙa, tamu sau 50. Mu firam 25 ne ko 50, shota kuma, wato lokacin da kyamara ke buɗe ido ga kowane hoto, ɗaya bisa 50 ko bisa 100 na daƙiƙa. Shi ya sa walimar makon jiya fitilu ke ta ƙifta ido a bayan amarya. Ku yaran yanzu, Bature a waya ya fi muku wanda ya shekara talatin yana shan ƙurar hawan Sallah a Zariya.

Masu taron Asabar sun sa hannu a takarda, sun biya kashi 70, kuma an rubuta cewa wutarmu tamu ce. In an tashi wani mai babbar riga zai ce ka tura masa a waya ko ka bar filashi Hajiya ta gani. Ka ce Oga ya hana. In ya matsa, ka ba shi mai tambarinmu a tsakiyar hoto, ɓaro-ɓaro. Mai tsabta sai na ga alat.

Lahadi in Allah ya kai mu zan tafi Kangimi da ƙugiyata, in zauna bakin ruwa inda ba mai kirana Oga. Ta ƙofar gonar mutumin nan hanyar take bi, an ma sake mata fenti. Kada ka kira ni ranar.

Asabar ƙarfe shida na same ka a shago. Ƙarin da mai Keke ya nema ka ba shi, zan biya. Amma batiran kai za ka ɗora su da hannunka, kai za ka sauke. Mita kuma a aljihun rigarka, ba a jaka ba.