Ƙafar Baba na ciwo in ya yi tafiya, ɗaurin bandeji kuma ya hana shi barci

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina yana da shekara 66, yana fama da ciwon suga shekara 11 ke nan, ya kuma daɗe yana shan sigari kafin ya daina bara. Tun damina, in ya kama hanyar masallaci sai sha-raɓarsa ta dama ta ɗaure, dole ya tsaya ya huta kafin ya ƙarasa. A kemis aka ce ciwon jijiya ne, aka ba shi ƙwayoyin bitamin. Gwaggonmu tana da jijiyoyin nan masu fitowa a ƙafa kamar igiya, ɗaurin bandeji da ɗora ƙafa kan matashi suka taimake ta, sai ta ce mu yi masa haka. Tun da muka fara, kwana yake ido biyu, sai ya kwance ɗaurin ya sauko da ƙafar ƙasa sannan ya samu sa'ida. Yanzu ga wani ɗan miki a babban yatsansa, mako 3 bai warke ba. Wanzami ya ce a yi ƙaho a fitar da mataccen jini. Me za mu yi? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Zan fara da abin gaggawa kafin bayani. A daina ɗaurin nan yau, a daina ɗora ƙafar kan matashi, kada a bari wanzami ya sa aska ko ƙaho a wannan ƙafa, kuma a kai Baba babban asibiti cikin kwanakin nan, kada a ce sai bayan wata. Ba zan iya yanke hukunci a kan mutumin da ban gani ba, amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da toshewar jijiyar da ke kai jini ƙafa, kuma da alama abin ya yi nisa.

Tushen ruɗanin kalma ɗaya ce, jijiya. A bakinmu wadda ke kai jini jijiya ce, wadda ke dawo da shi jijiya ce, wadda ke ɗaukar saƙon zafi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa jijiya ce, har agarar da mahauci ke yankewa daga nama wani ya ce mata jijiya. Saboda haka in an ce wa mutum yana da ciwon jijiya, ba a gaya masa komai ba tukuna. Mai kemis ya ɗauka ta saƙon ce, ya ba da bitamin. Gwaggo ta ɗauka irin tata ce, ta ba da shawarar ɗauri. Kowa da alheri ya nufa, sai dai kowa da jijiyar da yake magana a kai.

Ki ɗauki ƙafa kamar fadamar noman rani. Akwai bututun da ke kawo ruwa daga inji, akwai kuma magudanar da ke fitar da rarar ruwa. In magudana ta lalace, ruwa ya kwanta, shuka ta ruɓe. In bututu ya toshe, shuka ta bushe. Matsalar gwaggonku ta magudana ce. Jijiyoyin da ke dawo da jini daga ƙafa suna hawa ne sama, kuma a cikinsu akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa gefe ɗaya, jini ya wuce su rufe. Tsokar sha-raɓa ce ke matse su duk lokacin da aka taka ƙasa. Idan ƙofofin suka saki, saboda gado ko yawan haihuwa ko ƙiba ko tsayuwar yini guda, jini ya riƙa komawa ƙasa yana taruwa, jijiya ta kumbura ta murɗe. Irin wannan ƙafa da safe lafiya lau take, da yamma ta yi nauyi ta kumbura, fatar saman idon sawu ta yi duhu tana ƙaiƙayi, in gyambo zai fito ma nan yake fitowa, ta ɓangaren ciki, mai faɗi mai yawan ruwa. Ɗauri da ɗaga ƙafa su ne ainihin maganinta, don suna taimaka wa jini ya koma gida. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba.

Shi kuwa Baba, bututunsa ne ya ƙuntace. Shekaru na suga da hayaƙin taba, sau da yawa da hawan jini a kai, suna sa maiƙo ya daskare a bangon jijiya har hanya ta zama 'yar siririya. Yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi tsoka. Da ya fara tafiya tsoka ta nemi ƙari, ba ta samu ba, sai ta ɗaure. Abin da ya bambanta wannan ciwo da na gaɓoɓi ko na baya shi ne ƙa'idarsa: kusan a wuri ɗaya yake kama mutum kullum, a ce daidai shagon mai shayi, ya tsaya minti biyu zuwa biyar ko bai zauna ba ya sake shi, ya ci gaba ya kuma kama shi. Dattawa da yawa sukan ɓoye abin, su riƙa tsayawa gaisawa da mutane a hanya, iyali su ɗauka zumunci ne ya ƙaru.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali a wasiƙarki shi ne daren. Mutumin da ciwo ke tayarwa in ya miƙe ƙafa, sai ya zuro ta ƙasa daga gado ya samu sauƙi, yana gaya miki ne cewa jinin da ke isa yatsunsa ya yi ƙaranci har sai gangara ta taimaka masa. Kun ɗaga ƙafar, kun mai da gangarar hawa. Kun ɗaure ta, kun matse ɗan abin da ya rage. In aka haɗa wannan da mikin da ya wuce mako 2 bai warke ba, likitoci na ɗaukar ƙafar a matsayin wadda ke cikin haɗari. Ga suga kuma, wanda ke kashe jijiyoyin saƙo, ta yadda miki zai yi zurfi har ƙashi mai shi bai ji wani zafin kirki ba. Kada ƙanƙantar mikin ta ruɗe ku.

A asibiti, awon farko da hannu ake yin sa. Likita zai sa Baba ya cire takalma duka biyu, ya kwatanta ɗumin ƙafafun, ya duba ko gashi ya zube, fata ta yi sulɓi tana ƙyalli, farce ya yi kauri. Zai ɗora yatsu a bayan ƙafa da kuma bayan ƙashin idon sawu na ciki yana neman bugun jini, ya hau bayan gwiwa da matsematsi. Wani lokaci yakan ɗaga ƙafar na minti ɗaya ko biyu ya ga tafin ya yi fari fat, ya sauke ta ya ga ta rine ja mai duhu a hankali. A baƙar fata irin tamu tafin ƙafa da ƙarƙashin farce ake kallo. Ni dai a ganina, duk mai ciwon suga da ya je asibiti aka sallame shi ba a sa ya cire takalmi ba ko sau ɗaya a shekara, an rage masa haƙƙinsa.

Sai awon da ya kamata ku nema da bakinku, wato kwatanta ƙarfin jinin idon sawu da na damtse. Ana naɗa abin awon hawan jini a wuraren biyu, a saurari bugun da 'yar na'urar Dofla mai girman wayar hannu, a yi lissafin raba lambar ƙafa da lambar hannu, abin da ya fito shi ne sakamakon awon. Daga 1.0 zuwa 1.4 lafiya ne. Idan ya zama 0.9 ko ƙasa, akwai toshewa. In ya faɗi ƙasa da 0.5, abin ya yi tsanani. Wannan lamba ce ke cewa a ɗaure ko kada a ɗaure: cikakken ɗauri sai ta kai 0.8, ƙasa da 0.5 kuwa ba a yin sa sam. Masu suga da masu ciwon ƙoda suna da wani tarko, don jijiyoyinsu kan yi tauri su ƙi matsuwa, awo ya fito sama da 1.4 kamar lafiya ta yi yawa alhali ba haka ba ne. A nan sai a auna a babban yatsa. Bayan haka a yi sikanin na Dofla, wanda ke nuna inda hanya ta ƙuntace da saurin jinin. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya suna yin sa. In za a kai ga gyaran jijiyar, akan yi hoton da ake zuba wani ruwa a jini don taswirar ta fito, kuma dole a duba lafiyar ƙoda kafin a zuba shi.

Magani hawa-hawa ne. Akwai wanda kowane mai wannan cuta ke buƙata: barin taba kwata-kwata, har zama kusa da masu busa ta, ƙwayar rage maiƙon jini irin su atobastatin ko da awon maiƙon bai nuna ya hau ba, ƙwayar hana jini kamawa irin asfirin ƙarami ko kulofidogirel, da daidaita suga da hawan jini. Ba don ƙafa kaɗai ake shan waɗannan ba. Dattin da ya toshe jijiyar ƙafa sau da yawa yana nan a ta zuciya da ta wuya, kuma abin da ya fi kashe masu wannan cuta shi ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Amma kada a sayo asfirin a fara ba shi kai tsaye, musamman in yana da gyambon ciki. Likita ya rubuta. Wanda ciwonsa bai wuce na tafiya ba, tafiyar ce ma maganinsa: minti 30 zuwa 45, sau 3 a mako, na aƙalla wata 3, ya yi ta tafiya har ciwo ya kama, ya huta, ya tashi. Baba ya wuce wannan matakin a yanzu. Mai miki a yatsa da ciwon dare ba a tilasta masa tattaki, buɗe masa hanya ake yi.

Buɗewar iri biyu ce. Ko dai a zura siririyar waya ta matsematsi har wurin toshewar, a hura 'yar balan-balan ta buɗa shi, wani lokaci a bar 'yar raga ta ƙarfe ta tokare bangon. Wani likita a Amurka, Charles Dotter, shi ya fara buɗe jijiya da bututu ba tare da yanka ba a 1964, a ƙafar wata tsohuwa 'yar shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ita, ta kuma tashi ta taka da ƙafarta. Ko kuma a yi tiyata a zagaye wurin da ya toshe da sabuwar hanya. Abin sha'awa, mafi kyawun abin da ake yin wannan hanya da shi shi ne doguwar jijiyar nan mai dawo da jini da ta taso daga idon sawu zuwa matsematsi, wato irin wadda ta kumbura a ƙafar gwaggo. Likitocin wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan, aikin kuma yana da tsada, ban ɓoye miki ba. Sai dai jinkiri ya fi tsada, don abin da ake fara yi da yatsa ɗaya yakan ƙare a gwiwa.

Batun ƙaho kuma, ba mataccen jini ne ya taru a ƙafar Baba ba, rayayyen ne bai isa ba. Kowace tsaga sabon miki ce a fatar da ta kasa warkar da ɗan ƙaramin da take da shi. Haka gasa ƙafa da ruwan zafi ko miƙa ta ga gawayi da hunturu: ba zai ji ƙuna ba sai fata ta saluɓe. A sa masa safa mai laushi marar matsi, kada ya taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, kada a yanke masa farce da reza, a kuma busar da tsakanin yatsu bayan kowace alwala. Ke ko wani a gidan ya riƙa duba tafin ƙafar kullum da haske. In kun ga yatsa ya fara baƙi, ko wari, ko ja yana hawa sama, ko zazzaɓi, ko ƙafar ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya ta mutu ba ya iya motsa ta, to ba a jiran gari ya waye. Ƙafar da jini ya yanke mata gaba ɗaya, cikin kamar awa 6 tsoka ke fara mutuwa.

Ita ma gwaggo a gaya mata abu biyu. In jijiyar ta fashe tana zubar da jini, ta kwanta, ta ɗaga ƙafar sama da ƙirjinta, ta danne wurin da tsumma mai tsabta, kada ta tsaya a tsaye tana neman abin ɗaurewa. In kuma wata rana ƙafa ɗaya ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, da zafi da tauri a sha-raɓa, musamman bayan doguwar tafiyar mota ko jinya a kwance, kada a murza kada a ja, don mai yiwuwa gudan jini ne ya daskare a jijiyar ciki, kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Wannan na faruwa ga masu jego ma, a makonni 6 na farko. Sikanin ne ke tabbatar da shi, maganinsa kuma masu tsinka jini ne irin su hefarin da wafarin, na aƙalla wata 3.

Ranar da za ku je da Baba, ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya. Kada ku ce wa likita ciwon jijiya yake yi. Ku faɗa masa yadda kika faɗa mini: tafiyar da ke tsayar da shi, daren da yake zuro ƙafa ƙasa, da mikin mako 3.