Yadda aka gane an taɓa yin ruwa a duniyar Mars

Malam, ka tambaya yadda 'yar motar da ba ta ga ko ɗigon ruwa ba za ta ce an taɓa yin tafki a duniyar Mars. Na daɗe ina haƙar rijiyar burtsatse tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, kuma mu ma ba ruwa muke fara gani ba, ƙasa muke karantawa.

In haƙa ta fito da tsakuwa sumul, mun san gulbi ya taɓa bi ta nan, domin ruwa ne ke mirgina ta har kaifinta ya tafi. Irinta 'yar motar, wato Curiosity, ta tarar a wani ƙaton rami na duniyar Mars mai suna Gale a 2012. A 2013 ta huda dutse, ta auna garinsa, sai ga yumɓu. Shi kuwa yumɓu sai ruwa ya daɗe yana cin dutse yake samuwa, kuma wannan na ruwan daɗi ne, saɓanin mai tsami da wata 'yar motar mai suna Opportunity ta ga alamarsa a wani yankin a 2004.

Abin da ya fi kama ni yana jikin tsaunin Sharp da ke tsakiyar ramin Gale. Gindinsa yumɓu ne, samansa gishirin salfet, wato abin da ruwa ke bari in ya ƙafe. A tsakaninsu aka ga tsagewar laka mai kusurwa shida, aka bayyana a 2023. Ka je fadama da bazara ka duba. Lakar da ta bushe sau ɗaya tsagarta a miƙe take, sai ta sha jiƙa da bushewa sau da yawa take ɗaukar wancan fasali. Da na ga hoton, wallahi gonar shinkafar mahaifina na tuna. Ke nan wurin ya yi abin da ya yi kama da damina da rani, fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce.

Sai dai kar a ɗauka zafin Kebbi ake yi can. A lokacin rana ba ta kai ƙarfin yau ba, dole sai da iskar kabon mai kauri ta riƙe ɗumi kafin ruwa ya gudana. A 2025 aka sanar cewa Curiosity ta samu ma'adinin sidarait mai ɗauke da kabon, wanda ke nuna wani kaso na iskar ya shige cikin duwatsu. Wani kason kuma guguwar da ke fitowa daga rana ce ta kwashe, kamar yadda kumbon MAVEN ya auna.